"Kwance Ɗamara" a Bakin Masu Fassarar Labarai: Rikicin Iraƙi, 2002–2003

Kalma guda ta Turanci ita ce masu fassarar labarai na gidajen rediyo su ke mayarwa "kwance ɗamara". Zaɓin yana da kyau, gama ɗamara tsohuwar kalmar mayaƙa ce, kowa kuwa ya san wanda ya ɗaura ta ya shirya. Amma akwai wani wuri inda fassarar ta kan yi tuntuɓe, rikicin Iraƙi kuwa ya nuna shi a fili.

A Hausa, "ya kwance ɗamara" dabam, "an kwance masa ɗamara" dabam. Na farko mutum ne ya ga dama ya sassauta da hannunsa, girmansa na nan. Na biyu kuwa an fi ƙarfinsa ne. Turanci ya kan bar wannan a dunƙule, Hausa ba ta yarda ba. Tilas mai fassara ya zaɓi ɗaya, in ya zaɓa kuwa ya riga ya yanke hukunci.

Ga yadda abin ya gudana. Ran 8 ga Nuwamba 2002 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 1441, aka ba Iraƙi dama ta ƙarshe. Masu binciken makamai suka koma ƙasar, Hans Blix da Muhammad al-Baradi'i na jagorancinsu. A farkon Maris 2003 Iraƙi ta soma farfasa makamanta masu linzami, samfurin Al-Samud, a gaban idonsu: watau tana kwancewa da kanta. Faransa da Jamus da Rasha suka ce a ƙara wa masu bincike lokaci. Amurka da Ingila suka ce sai dai a kwance mata. Ashe gardamar duka tana rataye ne a kan ɗan "wa" ɗin nan da ke bin aikatau, har aka fara yaƙi ran 20 ga Maris. (Maƙwabciyarmu Nijar ma an jawo ta ciki, da takardun da ke cewa ta yi cinikin yuraniyom da Iraƙi, ran 7 ga Maris al-Baradi'i ya shaida wa Kwamitin cewa na jabu ne.)

Mai fassarar da ya ce "batun kwance wa Iraƙi ɗamara" tun masu bincike na cikin aikinsu, lalle ya ara wa ɓangare ɗaya bakinsa, ko da bai nufa ba. Dattijon da ke sauraro a Limawa ta Dutse ba zai ji maganar sulhu a ciki ba. Shi ya tashi da labarin Haɗeja, inda a Afrilu 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har aka kashe shi a fagen fama, saboda haka kunnensa ya san abin da a ke nufi in an ce za a kwance wa sarki ɗamara.