Itace Ko Fata: Wa Ke Magana A Molo?

A ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, in hira ta yi daɗi har aka gangaro kan zancen kiɗa, a kan ji wani ya ce, "Ai daɗin molo daga itacensa ya ke." Jama'a kuma sai su gyaɗa kai. Maganar nan tana da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Bari mu auna ta.

Mu fara da wani ɗan molo na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda a ke kira yukulele. Asalinsa daga tsibiran Hawayi ne, can tsakiyar teku, inda waɗansu mutanen Fotugal su ka sauka da irin nasu molon a 1879. Shi wannan duk jikinsa katako ne, ba fata. In an taɓa tsirkiya, allon fuskarsa ne ke rawa, ya fitar da amo. Saboda haka maƙeransa su kan yi ta gardama kan itace. Na ƙasarsu, mai suna kowa, muryarsa garau ta ke. Mahogani kuwa ya fi taushin murya da kauri. Abin sha'awa, madacin nan namu ɗan'uwan mahogani ne, har a kan sayi katakon danginsa daga Afirka a yi irin waɗannan kayan kiɗa da shi.

To, a can itace shi ne murya. A nan fa? Dubi molo ko garaya. Masassaƙi ya kan rarake itace kamar ƙaramin jirgin ruwa, a rufe bakinsa da fata, tsirkiya ta hau bisa ɗan abin nan da a ke kira jaki. Abin da ke rawa fata ce. Shi ya sa da damina, in fata ta sha raɓa ta saki, sai murya ta dushe, ko da wane irin itace aka yi kuwa. Da hunturu sai ta ɗaure, amo ya tashi.

Ga shaida. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa gwangwani ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Da shi ya yi wa ƙasar nan wa'azi shekaru masu yawa, har ya zaga ƙasashen waje. Wa ya taɓa raina muryar kuntigin nan don ba madaci a jikinsa?

Amma fa kada a ce itace ba shi da aiki. Shi ne ɗakin da murya ke kwana a ciki. Mai ƙarfi busasshe ya kan riƙe fata tamau, amo ya daɗe bai mutu ba. Mai laushi ya kan shanye amo kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. Ɗanye kuwa, da ya bushe sai ya tsage, wahalar masassaƙi ta tashi a banza.

Nan ne abin damuwa ya ke. Manyan itatuwa irin su madaci da ƙirya sun yi ƙaranci a dazuzzukanmu, gatari da masu gawayi sun ci ƙarfinsu. Madaci kuwa ba ya girma a shekara goma har ya isa sassaƙa. In aka wayi gari masassaƙi ba shi da zaɓi sai abin da ya tsinta, makaɗi zai yi ta ɗaure fata tana saki, mu kuwa mu ɗora masa laifi.

Saboda haka, jama'a, in kun ji molo ya yi daɗi, ku yaba wa hannun makaɗi, ku yaba wa majemi, sa'an nan ku tuna da masassaƙi. Wanda kuma ya ke son jikokinsa su ji irin wannan daɗi, to, ya dasa madaci a bakin gonarsa bana. Allah ya raya mana shi, amin.