Ranin da Ya Daina Zama Hutu: Kiɗan Fili a Ƙasar Kura da Bunkure

A biranen Ingila da Amurka akwai al'adar samari huɗu ko biyar su haɗa kai da jita da ganguna, ba kamfanin da ya ɗaure musu gindi, su kama ɗan ƙaramin zaure su yi wasa, mai son ji ya yanki tikiti a ƙofa. Makaɗin Bahaushe shi ma mai zaman kansa ne, amma abincinsa bai cika fitowa daga ƙofa ba. Yana hannun wanda ya wasa: a yi masa kari, a liƙa masa kuɗi, a ƙauye kuma a aika masa da damin gero. Don haka kiɗa a karkara ba ya tsayuwa sai da taro, taro kuwa sai mutane sun sami sarari.

A da, shekarar manomi ce ke raba wa makaɗi aiki. Da damina akwai gayya, inda mai gangar noma ke bin samari kunya-kunya, yana yi wa kowa takensa, wanda aka bari a baya ya sha zambo. Da an kai amfani gida sai kalankuwa da kokawa, mahauta su ɗauki 'yan dambensu su shiga gari-gari, 'yan mata su fita dandali da gaɗa, masu kalangu su yi ta zagayen gidajen biki, domin auren ƙauye yawanci sai bayan kaka. Watannin rani na makaɗa ne, tun da wanda bai tafi cin rani ba yana gida a zaune.

Wannan lissafi ne ruwan dam ɗin Tiga ya birkita. An kammala dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta karɓi kula da aikin. Ƙasar da aka sani da rini da bugu, inda ake yin rawanin nan ɗan Kura da Buzaye ke ji da shi, ta koma ƙasar shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Manomi ya girbe shinkafar damina, bai huta ba sai dashen tumatir. Lokacin da kakansa ke kallon kokawa, shi yana bakin kwata tun asuba yana jiran layin ban ruwa, ko yana kasuwar Kwanar Gafan yana ciniki kan kwando kafin rana ta lalata masa kaya.

Gayya ma ta tafi. Noman kuɗi ba ya jiran ranar da 'yan uwa za su sami dama, sai a ɗauki 'yan ƙwadago a yi jinga a biya. Ɗan jinga kuwa ba ya bukatar a zuga shi da ganga, kuɗin da aka yanka masa ya ishe shi zuga. A nan gangar noma ta rasa aikin yi, ba wanda ya hana ta.

Na san ba haka aka saba ba da labarin ba. An fi ɗora laifin ja bayan kiɗan fili a kan abu biyu. Na ɗaya, tsauraran matakai da suka biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, da Hisba. Na biyu, fiyano, wadda tun zamanin fim ɗin Sangaya ta maye gurbin makaɗa a situdiyo, yaro ɗaya ya haɗa sautin kalangu da algaita da yatsunsa. Duka biyun sun yi tasiri, ba musu. Amma a ganina sun zo ne suka tarar da fili ya riga ya fara yin fayau. Hukuma na iya hana wasan dare, ba ita ta cinye watannin rani ba.

Abin mamaki, kuɗin biki bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Shekarar da shinkafa ta yi daraja, aure sai ka rasa wanda za ka je. Sai dai mai biki ya gwammace ya ɗauko dije da lasifika da janareta: ba tawagar da za a ciyar, ba 'yan amshi, ba sanƙira. A saki Hamisu Breaker ko Ado Gwanja, mata su cashe, kafin isha'i an naɗe waya. Ko an gayyato mawaƙin zamani, sau da yawa waƙarsa ta situdiyo ake sawa, shi yana bi da baki yana karɓar liƙi.

A nan ne asarar take, kuma ba ta zaƙin sauti ba ce. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ya zuwa da waƙa a rufe. Yana cikin rerawa zai hangi wani ya shigo, nan take ya saka shi a baiti, ya ambaci garinsa da ubansa, masu kalangu su karkata su bi shi. Haka Barmani Choge take da matan amada, haka Ɗan Anace a filin dambe. Waƙar da aka ji daren Juma'a ba ita za a ji daren Asabar ba, ko da sunanta ɗaya. Mahalarta na da hannu a cikinta: kyautarsu, shewarsu, har rowarsu, duk suna sauya abin da zai fito daga bakin mawaƙi. Waƙar da ke cikin mimori kuwa ba ta san wa ya shigo ba.

Inda kiɗa da hannu ya tsira, wurare ne da na'ura ba ta iya aikin. Ɗan dambe ba ya tsuma sai mai kalangu ya dube shi ya buga takensa a daidai lokacin da ya ɗaga hannu, shi ya sa har yau dije bai maye gurbinsa a gidan dambe ba. 'Yan Ƙadiriyya na nan da bandirinsu. Sannan majalisin sha'irai, wanda a watan Maulidi yake tara jama'ar da ko ɗan siyasa zai yi sha'awa: mai bege a tsaye, 'yan amshi a bayansa, ana liƙi, ana ambaton masu gari. Tsarin tsohon filin kiɗa ne kaf, ya sauya riga. Kuma watan Maulidi lissafin wata yake bi, ba ruwansa da dashe ko girbi, ga shi da dare ake yi, bayan an tashi daga gona.