Injin Yanka Allo Ba Ya Saita Kansa

A 'yan shekarun nan aikin kafinta ya sauya fuska a Kano da Kaduna da Abuja. Kabad ɗin kicin da wadirob na allon MDF sun mamaye kasuwa, masu hali kuma sun sayo injin zarto mai teburi mai zamiya, irin wanda Wilhelm Altendorf ya ƙirƙiro a Jamus a 1906. Ƙananan kafintoci na kai allo a yanka musu, su biya kuɗin yanka. Wannan ci gaba ne, ina maraba da shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka sakankance da injin. Da zarar an ce "inji ne ya yanka", sai a ajiye sukwaya. Alhali sandar da ake jingina allo a kanta tana gocewa: yau an buge ta da allo mai nauyi, gobe an cire ta an mayar, ga ƙura ta cika layin da teburin ke bi. Gocewar rabin milimita a allo mai santimita 60 tana zama milimita 2 a ƙofar wadirob mai santimita 240. Daga nan ne ake samun ƙofa mai gogar 'yar'uwarta da durowa mai cijewa, sai a bi da fila a toshe kafar. Mai gida ya biya kuɗin aikin inji, ya karɓi aikin kame-kame.

Maganin bai kai kuɗin allo ɗaya ba. A kashe wuta, a share layin, a tabbatar haƙoran zarto na da kaifi, zarton yana tsaye cak bisa teburi, kuma teburin na tafiya daidai da shi. Sannan a yi gwajin yanka biyar. A samo guntun allo mai faɗi, a yanke gefe ɗaya, a juya shi yadda sabon yankan zai jingina da sandar, a sake yanka, har gefe huɗu su zagayo. A karo na biyar a fitar da siririn tsinke daga gefen farko, a auna bakinsa biyu. Bambancin da aka gani ninki huɗu ne na ainihin kuskuren, shi ya sa abin da ido ba ya gani yake fitowa fili. A sassauta noti, a matsa sandar kaɗan, a ɗaure, a maimaita har bakin biyu su zo ɗaya.

Masu inji za su ce layin masu jira ya yi tsawo, babu lokaci. To, allon da aka ɓata wa kafinta ya fi wannan lokacin tsada. Masu inji, ku mayar da gwajin nan aikin safiyar kowace Asabar, ku koya wa yaranku. Ku kuma kafintoci, ku auna allonku daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu kafin ku biya. In awon bai zo ɗaya ba, kada ku ɗauka.