Ra'ayin "Rarar Ƙasa" a Ma'aunin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin masana tattalin arziki, wanda Hla Myint ya yaɗa, Gerald Helleiner kuma ya ɗora shi a kan Nijeriya a 1966. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, kafin zuwan Turawa akwai ƙasa da ƙwadago suna kwance ba a mora, sai hanyar jirgi da kasuwar ƙetare suka tashe su. Littafin Jan Hogendorn na 1978 a kan cinikin gyaɗa ya jingina da wannan ra'ayi. Lalle ya cancanci yabo, domin ya nuna cewa manoma da fataken Kano su suka zaɓi gyaɗa a 1912, alhali kuwa Turawa auduga suke so. Amma tushen da ya hau yana da rauni, kuma ƙasar Gusau ta isa shaida.

Jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Daga nan Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa, kantunan kamfanoni suka jeru, baƙi suka cika gari. To, wace ƙasa ce aka faɗaɗa noman a kanta? Abin da masanin ya kira ƙasa mai kwanciya, manomin Bunguɗu saura yake ce mata, wato gonar da aka bari ta huta. Wani sashen kuma daji ne da ake samun itace da magani da kaɗanya da ɗorawa, wani burtali ne da mashayar shanu. Duk suna aiki, sai dai aikinsu ba ya shiga littafin kwastan. Da aka taƙaita hutun gona, ƙarfin ƙasa ya ragu. Da gona ta ci burtali, taki da ke haɗa manomi da makiyayi ya soma zama ɓarna da ƙara.

Haka nan ra'ayin ya yi sakaci da haraji. Mutumin da aka wajabta wa biyan kuɗi kowace shekara, ba a ce son ransa kaɗai ya sa shi shuka abin sayarwa ba. Michael Watts ya bi wannan zance a 1983, ya nuna yadda ya raunana rumbun talaka, ko da yake shi ma a ƙasar Katsina ya yi bincikensa, ba a nan ba. Hukumomin ciniki da aka kafa a 1949 suka riƙa yanka farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta tafi birane.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin. A 1975 ɗin aka buɗe shirin bunƙasa noma na Gusau da rancen Bankin Duniya, ya kawo takin zamani da hanyoyi, amma tunaninsa na gona ne, makiyayi yana gefe. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, masaƙar Gusau kuma daga baya ta durƙushe. Mai nazarin tashin hankalin da ya addabi ƙauyukan Tsafe tun bayan 2011, in ya tsaya ga ƙabilanci kurum, ya tsallake shekaru tamanin na yadda aka raba daji da gona da mashaya.