Littafin "Sai" da Littafin "In": Nazari a Kan The Caverns of Thracia

Cikin shekarar 1974 wani ɗan ƙaramin kamfani da a ke kira TSR, a garin Lake Geneva cikin jihar Wiskonsin ta Amurka, ya fitar da waɗansu 'yan littattafai uku a cikin akwatin kwali, ya sa musu suna Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka wallafa su, bugun farko kuwa kwafi 1,000 ne kacal. Abin da ke ciki dokokin wani wasa ne da a ke yi a zaune, an kewaye tebur. Mutum ɗaya shi ne alƙalin wasa, shi ke riƙe da taswirar wani wuri na almara, ba ya nuna wa kowa. Sauran kuwa kowa ya ɗauki wani mutum na cikin almarar ya zama shi, wannan mayaƙi, wancan mai sihiri, su riƙa faɗin abin da za su yi, alƙali yana gaya musu abin da ya biyo baya. In abu ya zama na shakka, watau ko sara zai kama ko ba zai kama ba, sai a jefa ɗan lido a ga abin da ya fito, sai dai nasu 'ya'yan lidon har da mai fuska 20.

To, dokokin nan sun faɗi yadda a ke faɗa da dodo, da yadda a ke neman ɓoyayyar ƙofa, amma ba su zo da wurin da za a yi wasan ba, in ban da wani ɗan misali. Kamar a ba mutum nahawun harshe ne cif, ba a ba shi ko zance ɗaya da aka yi da harshen ba. Saboda haka dole kowane alƙali ya zauna da takarda da fensir ya zana nasa kogon, ya zuba masa dodanni da dukiya. Ba a daɗe ba masu wasa suka shiga musayar abin da suka rubuta. A 1975 Lee Gold ta fara tattara rubuce-rubucen 'yan wasa a birnin Los Anjalas tana rarraba su da sunan Alarums & Excursions. A 1976 waɗansu 'yan wasa biyu a garin Decatur na jihar Ilinoi, Bob Bledsaw da Bill Owen, suka kafa Judges Guild, suka sami izini daga TSR su riƙa buga taswirori da littattafan ƙari. Shi kansa kamfanin TSR bai fara fitar da nasa littattafan kasada masu zaman kansu ba sai 1978, 'yan waje sun riga shi. Har ma littafin dodannin nan nasa, Fiend Folio, na 1981, yawancin abin da ke ciki masu karatun mujallar White Dwarf ta Ingila ne suka aika da shi.

Daga cikin wannan taro ne Jennell Jaquays ta fito. Tana ɗaliba a wata kwaleji cikin jihar Mishigan ta fara buga 'yar mujalla mai suna The Dungeoneer a 1976, ita ke rubutu, ita ke zane. A 1979 Judges Guild suka buga mata littattafai biyu, Dark Tower da The Caverns of Thracia, watau kogwannin Tarasiya. Sunan da ke kan bugun farko Paul Jaquays ne, wanda ya ke neman tsohon kwafi sai ya lura da haka. Na biyun shi ne abin dubawa a nan, gama cikinsa ne a ke ganin irin wannan rubutu ya kai matuƙarsa.

Amma tun kafin a buɗe shi akwai wata matsala da za ta tare mai nazari, ita ce da wane ma'auni za a auna shi. Wanda ya saba da littafin hira zai nemi jarumi, ya nemi mafarin labari da ƙarshensa, ba kuwa zai samu ba. Abin da zai tarar taswira ce, kowane ɗaki da lambarsa, sa'an nan bayanin abin da ke cikin kowace lamba. Bambancin yana nan cikin ginin jimla kanta. Mai ba da labari da "sai" ya ke tafiya: sai ya tashi, sai ya ga rijiya, sai ya leƙa. Kowace "sai" tana rufe ƙofa a bayanta, abin da ya faru ya faru ke nan. Littafin kasada kuwa da "akwai" da "in" ya ke tafiya: akwai gada a nan, in suka hau ta ga abin da zai auku, in suka kewaye ga wanda za su gamu da shi. Mawallafi ya rubuta sharaɗi ya tsaya, jawabin sharaɗin yana bakin mutanen da ba su riga sun zauna a teburin ba tukuna. Malaman da suka karanta tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara sun san yadda rubutu kan kama maganar gizo ya bar muryar mai faɗi a waje. To, wannan ya wuce nan, domin a tatsuniya ko an rasa murya labarin yana nan, a nan kuwa labarin ne kansa ba a yi shi ba tukun. Ma'aunin da ya dace ke nan shi ne a duba yawan "in" da littafi ya bari a buɗe, a kuma duba ko kowace tana da nauyi, ko kuwa duk hanya ɗaya ce aka yi wa ado.

A kan wannan ma'auni Tarasiya ta yi fice. A bisa ƙasa akwai kangon wani tsohon birni da kurmi ya cinye. A ƙarƙashinsa akwai hawa huɗu, kowane a ƙasan ɗan'uwansa, da waɗansu ƙananan sassa da aka soka a tsakani, waɗansunsu a ɓoye. Yawancin kogwannin da 'yan wasa ke zanawa a zamanin nan tamkar rijiya mai matakala ɗaya su ke: a gama hawa na fari, a sauka na biyu, a gama, a sauka na uku. Jaquays ta ƙi wannan. Ƙofar shiga daga kangon ba ɗaya ba ce. Akwai ramuka masu zurfi da gadojin igiya suka ƙetare, wanda ya leƙa zai hangi wurin da bai san hanyar zuwansa ba, wanda ya ɗaura igiya kuwa ya iya sauka ya tsallake rabin wahala, ko ya faɗa cikin wadda ta fi ta. Akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa, shi ma hanya ne. Hanyoyi suna kewayawa su komo inda suka fito, har wanda aka kora ta gabas ya iya ɓullo wa maƙiyinsa ta yamma. Ƙungiya biyu za su shiga kogon nan, su fito da labari biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba, kuma ba wadda ta yi kuskure. A 2010 wani mai nazarin wasan, Justin Alexander, ya ɗauki sunan Jaquays ya mai da shi aikatau, ma'anarsa a zana kogo mai hanyoyi masu kewaye irin wannan, kalmar kuwa ta kama bakin masu wasa. Ba kowane mawallafi ne sunansa kan shiga nahawu ba.

Abin da ya fi taswirar ma armashi shi ne yadda aka binne tarihi a cikin ginin. Wurin nan al'ummu uku suka gaje shi bi da bi. Da fari akwai wata al'umma ta masu siffar ƙadangaru, ta yi zamaninta ta shuɗe. Sa'an nan 'yan Adam, Tarasiyawa, masu gini da addini irin na Girkawan dā, waɗanda daga baya suka karkata ga bautar Tanatos, gunkin mutuwa. Su kuma suna da bayi, rabi mutum rabi dabba, masu kan kura da masu kan kare da masu kan bijimi. Bayin suka yi tawaye suka karɓe gidan, har ya zama sarkinsu mai kan bijimi ne ke zaune cikin fada a wani lambu mai itatuwa can ƙarƙashin ƙasa. Alƙali ya san duk wannan, gama an rubuta masa a farkon littafi. 'Yan wasa kuwa ba mai tsayar da su ya karanta musu. Sai dai su lura da cewa ginin wannan hawa ba irin na wancan ba ne, su ga gumakan da aka bari, su ga wa ke gaba da wa. Wanda ya lura zai gane mazaunan kogon ba bakinsu ɗaya ba, ya iya haɗa kai da waɗansu a kan waɗansu. Wanda bai lura ba ya shiga da takobi kawai, ya sha abin da ya tarar. Har jita-jitar da a ke ba 'yan wasa tun kafin su tashi, an cuɗa ta gaskiya da ta ƙarya, ba a gaya musu wacce ce wacce ba. A nan lura ita ce karatu, kuma tana da sakamako.

In an kwatanta da abin da TSR ya fitar a 1984 za a ga inda hanya ta rabu. A shekarar ne aka fara jerin Dragonlance da littafin kasada na Tracy Hickman mai suna Dragons of Despair, tare da littafin hira da shi da Margaret Weis suka rubuta a kan labari guda. A nan an riga an tsara jarumai, an tsara inda za su bi. Har akwai umarni ga alƙali cewa in wani babban mutum na cikin labari ya mutu tun lokacinsa bai yi ba, a yi dabara kada a ga gawarsa, don a iya komo da shi gaba. Wannan "sai" ce ta sa rigar "in". Ba a ce jerin nan ba shi da daɗi ba, jama'a da yawa sun so shi ƙwarai, kuma ya kawo wa wasan tausayi da zumunci waɗanda kogwannin dā ba su damu da su ba. Amma kamfanin da ke son sayar da littafi na biyu da na uku dole ya san inda na farko zai ƙare. Ɗan wasan da ya zana kogo don abokansa ba shi da wannan larura, shi ya sa ya iya barin ƙofofinsa a buɗe.

Duk da haka littafin yana da aibobi, ba kuwa ƙanana ba. Bugun Judges Guild na araha ne, takarda mara kyau, kurakuran ɗab'i ba su ƙirguwa. Bayanin ɗakuna a cushe ya ke, abin da alƙali zai faɗa da abin da zai ɓoye duk cikin sakin layi ɗaya, har sai ya karanta sau biyu ko uku da fensir a hannu kafin ya iya zama da mutane. Hanyoyin nan masu kewaye da aka yaba, su ne kuma ke rikita shi in yana neman inda wannan matakala ta ɓulla a wata taswirar. Aibin da ya fi waɗannan girma kuwa gādo ne. Kangon birni cikin kurmi, da jikokin maginansa waɗanda suka koma 'yan ƙabila masu bautar mutuwa, da baƙi da suka zo daga nesa su kwashe dukiya, duk wannan tsohon zubi ne na littattafan ɓataccen birni irin na H. Rider Haggard, mai King Solomon's Mines na 1885, wanda ya ɗora nasa a Afirka. Mai karatu na wannan nahiya ba ya bukatar a nuna masa da yatsa. Abin da za a iya faɗa don kare Jaquays shi ne, bayin da suka yi tawaye ta ba su fada da sarauta da dalili, kuma tun da littafin bai tilasta wa kowa hanya ba, 'yan wasa suna da ikon su ƙi zama maharan. Amma zubin yana nan, iko bai kankare shi ba.

Saura maganar mallaka, gama rubutun da ke rayuwa a kan nahawun wani yana cikin hatsari kullum. Izinin Judges Guild ya ƙare a farkon shekarun 1980, kasuwarsu ta mutu, Tarasiya ta ɓace daga kantuna shekara da shekaru. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, a 2000 kuma ya fitar da wani buɗaɗɗen lasisi wanda ya ba kowa damar rubuta littafin ƙari ya sayar ba tare da ya biya ba. Ta wannan ƙofa ce Necromancer Games suka sake buga Tarasiya a 2004. A watan Janairu na 2023 aka tsegunta wani daftari da ya nuna kamfanin yana shirin soke lasisin nan, ya kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na abin da ya haura dala 750,000 daga manyan masu bugawa. Marubuta da 'yan wasa suka yi ca a kansa, kafin watan ya ƙare ya janye, ya sa jigon dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba shi da ikon sokewa. Jaquays, wadda daga baya ta koma zana wuraren wasan kwamfuta irin su Quake III, ta ga wannan da ranta. Ta rasu a watan Janairu na 2024.