Finafinan da Suka Fita Daga Falo

Duk wanda ya tsaya da yamma a rumfar masu tura finafinai a waya a kasuwar Birnin Kebbi zai ji tambaya ɗaya tana maimaituwa a bakin samari da yaran da aka aiko daga cikin gida: "Me ya fito sabo?" Da wuya a ji wanda ya ce, "Wanne ne mai kyau?" Mai rumfa ma ba ya jiran a tambaye shi, sai ya cika wa mutum waya da abin da ya sauka a makon, a biya shi, a wuce. Ta haka ne finafinai masu nauyi suke wuce mu ba mu sani ba, alhali waɗanda ba su kai a ɓata musu cajin batir ba suna zagaye gari. Wannan maƙala amsa ce ga tambayar da ba a yi ba. Zan kawo finafinai huɗu da aka yi da harshen Hausa daga 2020 zuwa 2024, in faɗi dalilin da ya sa nake ganin sun cancanci kallo, in kuma nuna inda kowanne ya yi tuntuɓe.

Kafin nan sai na fayyace mudun da na yi awo da shi. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya girma ne a cikin ɗaki. Kujeru uku, labule, tebur da lemo a kai, sai mutum biyu suna gaya wa juna abin da ya faru da abin da zai faru. Akwai dalilai: kuɗi kaɗan ne, fita da kyamara titi tana tara jama'a, kuma masana'antar ta gaji wasan kwaikwayon rediyo da talabijin da littattafan soyayya, inda magana ce take ɗauke da komai. Sakamakon shi ne finafinanmu da yawa ana iya kallonsu da ido a rufe ba a yi asarar komai ba; uwar gida tana tuƙa tuwo tana bin labari da kunne. Ban raina wannan gado ba, domin shiri mai dogon zango irin Labarina na Aminu Saira ya nuna cewa zance mai kyau yana riƙe mutane shekaru. Amma mudun nawa daban ne. Ina neman fim ɗin da ya san ƙasar da yake tsaye a kanta, wanda in aka ɗauke labarinsa aka kai wani gari sai ya lalace, wanda kuma in ka kau da ido na minti ɗaya ka yi hasara.

Na farko, kuma wanda na fi ba muhimmanci, shi ne The Milkmaid na 2020. Sunansa na Turanci ne, amma kusan duk zancen cikinsa Hausa ce. Desmond Ovbiagele, ɗan kudu kuma tsohon ma'aikacin banki, shi ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya ce hoton 'yan matan Fulani masu tallan nono da ke bayan takardar naira goma ne ya tsokano masa tunanin: me zai faru da waɗannan biyu idan masu tayar da ƙayar baya suka faɗa wa rugarsu? Daga wannan tambaya aka sami Aisha da 'yar'uwarta Zainab. Hari ya raba su, Aisha ta shiga neman Zainab, kuma da ta same ta sai ta tarar da wata mace daban: matar Dangana, ɗaya daga cikin manyan mayaƙan, wadda ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta har ta zama mai faɗa a ji a tsakanin matan sansanin.

Nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Marubuci mai neman sauƙi da sai ya bar Zainab tana kuka a ɗaure tana jiran ceto, mu ma mu yi kuka mu tashi da zuciya fara. Ovbiagele ya hana mu wannan hutu. Ya tilasta mana mu dubi yarinyar da aka zalunta ta koma mai zalunci, mu rasa inda za mu ajiye ta. Maryam Booth, wadda masu kallon Kannywood suka saba gani a matsayin 'yar gata ko budurwar da ake rububi, ta fito a nan da fuska a ɗaure da murya mai sanyi wadda ta fi tsawa ban tsoro, kuma ba mamaki da ta karɓi kyautar jaruma mai taimakawa a gasar AMAA ta 2020, inda fim ɗin kansa ya zo na ɗaya. Anthonieta Kalunta kuwa, a matsayin Aisha, yawancin aikinta da ido ta yi shi. Shi ma Dangana, wanda Gambo Usman Kona ya fito a matsayinsa, ba a mai da shi dodo ba. Mutum ne mai kokwanto, kuma kokwantonsa ya fi muguntar takwarorinsa tayar da hankali, don yana tuna mana cewa daga cikinmu aka ɗebi irinsu.

An ɗauki fim ɗin a Jihar Taraba, kuma tsaunukan nan masu kore ba ado aka kawo su yi ba. Faɗin ƙasar shi ke gaya wa mai kallo cewa babu wanda zai ji ihu, babu kuma inda za a gudu. Kyawun wurin da munin abin da ake aikatawa a cikinsa suna cin karo a hoto ɗaya, ba tare da wani ya buɗe baki ya fassara mana ba. Ga mutumin Kebbi wannan ba labarin nesa ba ne. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka tafi da ɗalibai da malamai, kuma wasu daga cikin 'yan matan sun shafe kusan shekara biyu a daji. Masu garkuwa don kuɗin fansa daban suke da masu da'awar aƙida da fim ɗin ya zana, amma tambayar da ke jiran iyaye da unguwa ɗaya ce: yarinyar da ta dawo, wa ta zama, kuma wa zai karɓe ta a yadda ta dawo? Ban ga wani fim na Hausa da ya tunkari wannan tambaya ido da ido kamar wannan ba.

Yana da nasa rauni. Ya haura awa biyu, kuma yadda yake kai da komo tsakanin jiya da yau yana iya ɓatar da wanda bai natsu ba. A wasu wurare kunnen Bahaushe yana jin ƙamshin fassara a cikin zancen, kamar an yi tunanin jimlar da wani harshe sannan aka sa mata rigar Hausa. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sa an yanke wasu sassa kafin ta amince da shi. Duk da haka, gurguwar giwa ta fi ƙaton ɓera.

Na biyu daga ƙetaren iyaka ya zo, kuma ba ƙagaggen labari ba ne. Zinder, na 2021, aikin Aïcha Macky ne, 'yar asalin Damagaram. Ta shiga da kyamararta unguwar Kara-Kara, wadda tun asali aka keɓe wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, ta zauna da jikokinsu: samari marasa makaranta da aikin yi, da yawansu ko takardar haihuwa ba su da ita, waɗanda suka haɗa kansu cikin ƙungiyoyin da ake kira fale. Wasu suna wuni suna ɗaga ƙarfe don gina ƙwanji, suna mafarkin kafa kamfanin gadi. Wani ya tuba daga daba ya koma haya, amma abin da ya aikata a baya bai bar shi ya yi barci ba. Wasu kuma suna fasa-ƙwaurin man fetur daga Nijeriya a jarkoki, suna wasa da wuta da jami'an iyaka. Wata ƙungiya ta raɗa wa kanta sunan Hitila ba tare da sanin ko wane ne shi ba, illa dai sun ji ance jarumi ne da ba a iya kayarwa. Mai kallo zai so ya yi dariya, sai dariyar ta maƙale, domin wannan jahilci wani ne ya gina shi da ya ƙi kai makaranta unguwar.

Abin koyi ga ɗalibin adabi a nan shi ne haƙurin Macky. Ba ta wa'azi, ba ta ɗora murya a kan hoto tana gaya mana abin da za mu ji. Takan tsayar da kyamara a kan tabon wuƙa a kafaɗa ko a wuya, ta bar shi ya ba da tarihinsa. Hausar da ke cikin fim ɗin kuwa ita ce mafi rai a cikin duk huɗun, don ba wanda ya rubuta ta: Damagaranci ne na titi, da guntayen Faransanci a ciki, da zagi da barkwanci da shiru. Wanda ya san hanyar Kamba zuwa Gaya, ya ga babura ɗauke da jarkoki suna ratsa daji, zai gane waɗannan samari tun kafin su faɗi sunayensu. Ana iya zarginta da cewa kusancinta da su ya sa ta sassauta musu, musamman idan aka tuna matan da suka cutar. Amma ta ba wasu daga cikin matan unguwar dama sun yi magana da bakinsu, kuma abin da suka faɗa ya isa ya hana kowa ɗaukar 'yan fale a matsayin gwaraza.

Na uku shi ne Mai Martaba na 2024, wanda Prince Daniel, da aka fi sani da Aboki, ya ba da umarni, Adam A. Zango yana cikin taurarinsa. Rikicin gadon sarauta ne a wata ƙagaggiyar masarauta mai suna Jallaba, inda batun ɗora 'ya mace a kan karaga ya tayar da ƙura. A Daura aka ɗauke shi, garin da tarihinsa ya fara da sarautar mata, kuma wannan zaɓi kaɗai ya nuna an yi tunani. Dawaki, ganuwa, soro, rawuna da taron jama'a sun cika ido yadda ba mu saba gani ba. Zubin labarin bai kai kayan da aka yi masa ba. Taurari sun yi yawa, wasu ba a ba su lokacin da za mu damu da makomarsu ba. Na sa shi a nan ne saboda ya tabbatar da cewa ana iya yin fim ɗin tarihi da Hausa a filin Allah. Abin lura ne kuma cewa bayan an fitar da Lionheart daga gasar Oscar a 2019 saboda Turanci ya rinjaye shi, sau biyu Nijeriya ta tura fim ɗin Hausa ya wakilce ta: The Milkmaid da wannan. Ko ɗaya bai kai zagayen ƙarshe ba, amma harshen da ake ganin na kasuwar gida ne kawai shi ya zama tikitin fita.

Na huɗu don a sarara ne. Mati a Zazzau na 2020, wanda Yaseen Auwal ya ba da umarni, Rahama Sadau da Sadiq Sani Sadiq suka shirya suka kuma fito a ciki, barkwanci ne na mayaudarin da wayonsa yake jefa shi rami yake kuma fitar da shi. Mati jikan Gizo ne, kuma duk wanda ya nazarci tatsuniya zai ji daɗin ganin yadda tsohon tauraronmu ya sa hula ya shiga fim. Ba shi da zurfin biyun farko, bai kuma yi da'awar yana da shi ba.

Da na jera su sai na lura da abin da ya dame ni: Taraba, Damagaram, Daura, Zazzau. Babu kwarin Rima a ciki. A finafinan Kano, Hausar yamma da muke yi a nan takan fito ne mafi yawa a bakin wanda aka kawo don a yi masa dariya. Ga fadamar shinkafa daga Argungu har Birnin Kebbi, wadda launinta yake sauyawa da kowane wata. Ga Matan Fada ranar su, dubban masunta da homa da gora suna jiran a ba da alama su auka ruwa, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Kyamarorin labarai suna zuwa su ɗauki giwan ruwa a kan sikeli su tafi. Labarin masuncin da ya ci bashi ya sayi homa bai sami mai ba da shi ba. Ga kangon Surame, ga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina.

Kuma an taɓa gwadawa. A ƙarshen shekarun 1970 Adamu Halilu ya yi fim mai suna Kanta of Kebbi, a lokacin da Kebbi take cikin Jihar Sakkwato, bayan ya gama Shaihu Umar na 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. A cikin tsarata ban haɗu da Bakabe ko ɗaya da ya kalle shi ba. Shaihu Umar ma ya yi shekaru ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce, sai aka gano faya-fayansa a wani tsohon ma'ajin Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Legas, aka gyara su a Jamus, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne yake shugabantar wannan hukuma. Idan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da masarautar Argungu suka rubuta masa suna tambayar Kanta, da Hausa zai karanta takardar.