Akwatin bincike da ƙugiyar Hausa: laifin wa?

Ɗalibai da masu sha'awar harshe, ku gwada wannan da wayarku. Ku shiga wani shafin intanet na Hausa mai akwatin bincike, ku rubuta "maganin ƙwari". Ku sake rubuta "maganin kwari". In sakamakon ya bambanta, to ga matsalar da nake kuka da ita.

Wani ɗalibina a nan Madobi, mahaifinsa na noman tumatir na rani a wajen Kadawa, ya nemi bayani kan ƙwarin da ke cin tumatir. Ya rubuta da ƙugiya kamar yadda na koya masa. Shafin ya ce babu komai. Da ya cire ƙugiyar, sai ga rubutu ya fito, domin wanda ya rubuta shi "kwari" ya sa. Washegari ya tare ni: "Malam, ashe ƙugiyar nan wahala ce kawai?" Wallahi sai da na ji abin a raina. Na'ura ta hukunta yaro don ya yi daidai, ta kuma saka wa mai kuskure.

Dalilin ba boyayye ba ne. A tsarin Unicode, harafi irin é na Faransanci ana iya raba shi gida biyu, e da alamar kansa, sai a zubar da alamar a lokacin nema. Amma ƙ, ɗ da ɓ kowannensu harafi ne mai zaman kansa, ba ya rabuwa. Sai mai gina shafin ya zauna takanas ya gaya wa na'urar cewa ƙ da k 'yan gida ɗaya ne wajen nema. In bai yi ba, shi ke nan. Ga kuma 'y: mu a Nijeriya muna rubuta 'ya'ya, a Nijar suna rubuta ƴaƴa, sannan alamar kanta wata waya miƙaƙƙiya take sawa, wata lanƙwasasshiya. Kalma ɗaya, sura uku.

Kada wani ya ce to a zubar da ƙugiya kowa ya huta. Rubuta "kura" ka gani. Garin Kura ne mai shinkafa, ko dabbar dawa, ko ta masu tura ruwa, ko ƙurar hunturu? Ƙugiya ce kaɗai ta fitar da ta ƙarshen daga cikin ruɗanin, tunda boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Abin da ya kamata shi ne akwatin ya karɓi duka biyun, ya fara jero wanda ya dace da abin da aka rubuta, ya kuma tambaya: "Ko ƙura kake nufi?"

Jam'i ma haka. Wanda ya nemi "gona" ya kamata ya ga "gonaki" da "gonar", tunda Hausa ba ta da ɗafi ɗaya tilo na jam'i irin na Ingilishi.

Sai rubutun kan maɓallin. Wasu su sa "Bincike", wanda suna ne, alhali umarni ake ba na'ura. "Bincika" ko "Nemo" ya fi. Ni "Nemo" na fi so, don wannan -o ɗin na nuna a je a kawo mini nan, kamar "sayo" da "ɗauko".

Shi kuwa ɗalibin nawa, na ce ya riƙa nema sau biyu, da ƙugiya da babu, amma a takardar jarrabawa in ya bar ta zan ci makinsa.